Gwajin tarin fuka: in shafa wa yarana kirim mai kashe zafi kafin mu je?

Assalamu alaikum. Ina da 'ya'ya biyu, mace mai shekara huɗu da namiji mai wata bakwai. Makonni uku da suka wuce aka tabbatar cewa kakansu, wanda muke zaune gida ɗaya, yana da tarin fuka, har ya fara shan magani. An ce mu kai yaran a yi musu gwajin nan da ake yi a fatar hannu. Damuwata a kan babbar take. Bara ta kwanta a asibiti, aka yi ta sokarta ana neman jijiya, tun daga nan ko farar riga ta hango sai jikinta ya hau rawa. Wata ƙawata ta ba ni ragowar wani kirim da ake shafawa fata ta sage, ta ce in shafa musu a gida kafin mu fita, ba sai na gaya wa kowa ba. Maigidana ya ce shagwaɓa nake koya mata, a danne ta a yi a wuce wurin. Ni kuma har na fara tunanin mu fasa zuwa, tunda lafiyarsu ƙalau. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba kaka lafiya, Ya tsare miki yaran.

Kada ki shafa, kuma kada ki fasa zuwa.

Ƙawarki ba ƙarya ta yi miki ba, irin wannan kirim yana aiki. Wanda aka fi sani shi ne EMLA, haɗin magunguna biyu ne masu kashe zafi, lidoken da firiloken, kowanne kashi 2.5 cikin ɗari. Ana ɗora shi da kauri a kan fata, a rufe da leda mai mannewa, a bar shi kamar sa'a ɗaya, sai wurin ya sage. Idan za a ɗebi jini ko a sa wa yaro allurar ƙarin ruwa, yana rage zafi ƙwarai, kuma da an samu an shafa wa 'yarki bara, wataƙila da ba ki rubuto wannan wasiƙa ba. Sai dai gwajin tarin fuka ba irin waɗancan allurai ba ne. A can, fata hanya ce kawai da allura take bi ta wuce. A nan kuwa fatar ce take ba da amsa.

Ga yadda abin yake. Nas za ta ɗauko ɗan siririn sirinji, ta zuƙi ruwa mililita 0.1, bai fi ɗigo biyu ba. Ruwan sunansa tubakulin, sinadari ne da aka tace daga jikin ƙwayar cutar, babu ƙwaya mai rai a ciki, don haka ba ya sa wa yaro tarin fuka. Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar a 1882, shi ya fara haɗa shi a 1890 da zaton magani ne. Bai warkar da kowa ba, amma ya zama abin gwaji, kuma wani likitan Faransa, Charles Mantoux, shi ya kawo dabarar zuba shi a cikin fata, shi ya sa za ki ga sunansa a katin asibiti. Za a juya hannun yarinya, a samu wuri a ciki-ciki tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a kwantar da allurar kusan a kwance, bakinta kaɗai zai shiga, a saman fata. Nan take wani ɗan tudu fari zai taso, faɗinsa milimita 6 zuwa 10, kamar cizon sauro. Ba da jimawa ba zai lafa ya ɓace.

Wannan ɗan tudun ba shi ne sakamako ba. Idan jikin yaro ya taɓa haɗuwa da ƙwayar tarin fuka, garkuwar jikinsa za ta gane sinadarin, ƙwayoyinta su taru a wurin sannu a hankali, fatar ta yi tauri. Shi ya sa sai bayan sa'o'i 48 zuwa 72 ake komawa a duba. Mai dubawa ba ruwanta da jan da wurin ya yi, komai faɗinsa. Da kan yatsa take lalubawa ta ji inda taurin ya fara da inda ya ƙare, ta sa alama da biro a gefe biyu, ta ɗora rula a gicciye. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, taurin da ya kai milimita 10 a jikin yaro yana nuna ya kamu. Idan yaron yana da cuta mai karya garkuwar jiki ko tamowa mai tsanani, milimita 5 ma ya isa.

To ki duba, 'yar'uwa, tsakanin milimita 8 da 11 ai ba wani nisa ba ne, amma a nan hukunci yake sauyawa. Shi kuwa kirim ɗin yana taɓa fata: wurin yakan yi fari fat saboda ƙananan jijiyoyin jini sun tsuke, daga baya ya yi ja, wani lokaci ya ɗan kumbura. Yawanci wannan yana washewa cikin sa'o'i, kuma akwai ƙananan bincike da ba su ga ya sauya sakamako ba. Amma littafin ƙa'idojin yaƙi da tarin fuka na ƙasar Kanada ya faɗa ƙarara cewa kada a yi amfani da EMLA ko makamancinsa kafin wannan gwaji, domin an samu rahoton yana haddasa kumburin da za a iya ɗauka a matsayin alamar kamuwa. Ni ma a wannan ɓangare nake. Waɗancan lambobi na 5 da 10 a kan fatar da ba a shafa wa komai ba aka tsayar da su. Idan mai dubawa ta yi shakka, abin da za ta ce shi ne a sake, ke nan allura biyu maimakon ɗaya, garin neman gira an rasa ido. Idan kuma ba ta yi shakka ba ta rubuta abin da ba haka ba, wannan rubutu zai bi yarinyar a katinta shekara da shekaru.

Abin da ya fi damuna a shawarar ƙawarki shi ne wannan kalma ta "ba sai kin gaya wa kowa ba". Kirim ɗin da aka shafa aka faɗa, da sauƙi: nas za ta koma ɗaya hannun. Wanda aka ɓoye shi ne matsala, domin babu wanda zai san abin da ya rikita karatun. Akwai asibitocin da su da kansu suke shafawa bisa tsarinsu. Idan kin tarar da haka, su suka zaɓi maganin, su suka auna, su suka rubuta a kati, nauyin yana wuyansu. Ba laifi ki tambaya. Amma ki yi a gida a asirce, a'a.

Batun jaririn kuma ya fi wannan tsanani. Kirim ɗin ba man shafawa ba ne, magani ne da yake ratsa fata ya shiga jini, kuma yana da iyaka. Jaririn da bai kai wata uku ba, ba a wuce giram 1, ba a kuma bari ya wuce sa'a ɗaya. Daga wata uku zuwa shekara ɗaya, giram 2 ne iyaka. Idan ya yi yawa, firiloken yana iya hana jini ɗaukar iskar oksijin yadda ya kamata, sai a ga leɓen yaro da faratansa sun koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, ya yi laƙwas. Haɗarin ya fi yawa ga jarirai, da masu ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda iyaye da dama ba su ma san ɗansu yana da shi ba, da kuma jaririn da yake shan magani irin su Septrin. Ga shi ragowa ce aka ba ki, ba ki san yaushe aka buɗe ta ba. Ga ɗan wata bakwai, duk abin da ya taɓa hannunsa baki zai kai, ko ya murza ido.

Yanzu mu zo ga maigida. Ya yi gaskiya a rabi: gwajin nan dole a yi shi. Amma abin da ke damun yarinyar ba shagwaɓa ba ne. Yaron da aka taɓa riƙewa aka yi ta soka ba ya mantawa, kuma manya da yawa da suke gudun asibiti har cuta ta ci ƙarfinsu, daga irin wannan rana suka faro. Danne yaro a kan gado, mutum biyu a ƙafa, ɗaya a kafaɗa, yana gama aikin yau, ya ninka wahalar gobe. Ki gaya masa da lalama cewa ba ki ce a fasa ba, kina so ne a yi ta yadda in an ce ku dawo jibi za ta yarda ta biyo ku. In ya samu hali ma ya raka ku, don kina buƙatar wanda zai riƙe ɗaya yayin da ake yi wa ɗaya.

Zafin wannan allura gajere ne, ɗan tsini sannan ɗan raɗaɗi lokacin da ruwan yake shiga, 'yan daƙiƙu an gama. Abin da yake girmama shi tsoro ne, kuma tsoro ba ya jin kirim. Ko da fatar ta sage, yarinyar da ta ga sirinji za ta yi ihu. Saboda haka aikinki yana kan tsoron.

Ki gaya mata gaskiya, amma ba tun mako guda ba, da safen ranar ko daren jajibiri ya isa. Kada ki ce mata "ba zafi". Za ta ji zafin, kuma daga ranar ta daina yarda da maganarki a kan asibiti. Ki ce mata wani abu kamar haka: "Yau za a sa miki ɗan ruwa a fatar hannu. Zai ɗan yi tsini, kafin mu ƙirga goma an gama. Ba irin na bara ba ne, ba za a nemi jijiya ba, ba za mu kwana ba, kuma kina kan cinyata." Wannan jimla ta "ba irin na bara ba ne" ita ce take buƙatar ji, don a tunaninta kowace allura waccan ce. Ki nuna mata a hannunki inda za a yi. In tana da 'yar tsana, ku yi mata gwajin tare da murfin biro.

A ɗakin, ki zauna a kujera, ki ɗora ta a cinyarki tana fuskantarki, ƙirjinta a naki, ƙafafunta sun zagaye ƙugunki. Hannunki ɗaya ya rungumi bayanta, ɗaya ya tallafe hannun da za a yi wa gwajin a kan tebur, a riƙe da ƙarfi daidai yadda ba zai motsa ba. Riƙon yana da muhimmanci a wannan gwaji fiye da sauran allurai: in ta fizge, ruwan zai iya zubewa ko ya shige ƙasan fata, tudun ba zai taso ba, sai a sake nan take a wani wuri. Kada ki kama ta tun ana shirya kaya, sai an zo yi. Ki ba ta zaɓi a abin da ba zai ɓata aiki ba: za ta kalla ko za ta juya kai, waƙa za ku yi ko bidiyo za ta gani a waya. Ki sa ta ta ja numfashi ta hura a hankali kamar tana kashe kyandir, hurawa tana sassauta jiki. Ke kuma ki kula da fuskarki da muryarki. Yawan "sannu, yi haƙuri, sannu, kar ki ji tsoro" yana gaya wa yaro cewa lallai akwai abin tsoro. Ki yi mata hira da muryarki ta kullum, a kan wani abu dabam. In ta yi kuka, ta yi, kuka ba faɗuwa ba ne. Da an gama ki yabe ta a kan abin da ta yi da gaske: "Kin riƙe hannunki bai motsa ba."

Wani abu da nake roƙon iyaye kullum, tunda zancen ya zo: a daina yi wa yara barazana da allura. "In ba ki yi shiru ba zan sa likita ya yi miki allura" tana sa yaro shiru na minti biyar, ta bar nas da aikin shekara goma. In akwai mai faɗin haka a gidanku, ki roƙe shi ya bari.

A fara da babbar, kafin ta ji kukan ƙaninta. Shi kuwa nasa mai sauƙi ne: ki sa shi a nono minti ɗaya ko biyu kafin a yi, ya ci gaba da sha ana yi, har bayan an gama. Ɗumin jiki da tsotso da zaƙin nono suna rage wa jariri zafin allura, kuma ba ya ƙwarewa saboda haka. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta a kan rage zafin allurar rigakafi, abubuwan da ta sa a gaba su ne waɗannan: uwa ko uba su kasance a wurin, a rungumi yaro, a shayar da jariri, a ɗauke hankalin ƙanana. Farasitamol kafin a je ba ya rage zafin tsinin allura, kada ki wahalar da kanki.

Kafin a yi, ki gaya wa nas idan an yi wa ɗayansu rigakafin ƙyanda a makonni huɗu zuwa shida da suka wuce, ko ya yi ƙyandar kanta, ko yana shan wani magani na dogon lokaci, domin waɗannan suna iya danne sakamako ya fito kamar babu komai. Ki tafi da katin rigakafinsu. Allurar BCG, wato rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, tana iya sa wurin ya ɗan taso, amma a gidan da aka samu mai tarin fuka, likita ba zai ɗora laifin babban tauri a kan BCG ya sallame ku ba.

Bayan an yi, kada a murza wurin, kada a rufe shi da filasta, kada a shafa masa komai, har da maganin ƙaiƙayi. Wanka ba ya ɓata shi, a dai tsane shi a hankali ba tare da gogewa ba. In ya dame ta da ƙaiƙayi, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki yanke mata farce, ki sa mata riga mai dogon hannu. Sannan ranar komawa. Wanda aka yi ranar Litinin, Laraba ko Alhamis ake duba shi, in an wuce lokacin sai a sake daga farko. Tun kafin a soka ki tambaya ko suna aiki ranar da za a duba. Kada ki duba da kanki ki ce ai ba abin da ya fito, ido ba ya ganin tauri, yatsan da ya saba ne yake jinsa. Ki kuma yi wa yarinyar albishir tun a hanya cewa zuwan nan babu allura, biro ne da rula.

Wataƙila wani ya ce miki akwai gwajin jini da yake maye gurbin na fata. Akwai shi, irin su QuantiFERON, zuwa ɗaya ne, kuma BCG ba ta rikita shi. Amma ba ko'ina ake samunsa ba, kuma jini ake ɗiba daga jijiya, wato abin da 'yarki take tsoro ke nan. In likita ya zaɓi wannan, to a nan ne kirim mai kashe zafi yake da wuri, ki roƙi asibitin su shafa mata nasu.

Saura maganarki ta ƙarshe, cewa lafiyarsu ƙalau, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙwayar tarin fuka tana iya shiga jiki ta kwanta, ba tari, ba zazzaɓi, yaro yana wasansa. A cikin manyan da suka kamu, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne cutar take tashi a jikinsu a tsawon rayuwa. Jarirai ba haka ba ne. Ɗan ƙasa da shekara ɗaya da ya kamu, in ba a ba shi kariya ba, kusan huɗu ko biyar cikin goma cutar tana tashi, sau da yawa cikin 'yan watanni, kuma a jikinsu ne take bazuwa ko ta hau ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Yara sama da miliyan ɗaya ne suke kamuwa da ciwon a duniya kowace shekara. Duk hankalinki yana kan mai shekara huɗu saboda ita ce mai ihu, ni kuwa wanda yake goye nake kallo.

Ki kuma san cewa ko gwajin ya nuna babu, ba a gama ba. Jiki yana ɗaukar makonni biyu zuwa takwas bayan shigar ƙwaya kafin fata ta iya nunawa, kuma fatar ƙananan jarirai ba ta cika amsawa da kyau ba. Saboda haka za a iya cewa a sake bayan makonni takwas zuwa goma. Dalili ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk yaron da bai kai shekara biyar ba, yana gida ɗaya da wanda aka tabbatar yana da tarin fuka na huhu, a ba shi maganin kariya da zarar an tabbatar ciwon bai riga ya tashi a jikinsa ba, ko an samu yin gwajin fata ko ba a samu ba. 'Ya'yanki duka biyu suna cikin wannan rukuni. Maganin yakan kasance isoniyazid kullum na wata shida, ko isoniyazid da rifamfisin kullum na wata uku, ana auna shi da nauyin yaro. Idan ba a ɗauko zancen ba, ke ki ɗauko: "Likita, maganin kariya fa?" Za a auna nauyinsu, a duba wuyansu da ƙirjinsu, mai yiwuwa a ɗauki hoton ƙirji. Ke da maigida da duk wanda yake kwana a gidan ku ma a duba ku.

Kaka kuma kada a mai da shi abin gudu. Wanda yake shan maganin da ya dace kullum ba fashi, yaɗa cutarsa yana raguwa sosai cikin makonnin farko. Ta iska take yaɗuwa, ba ta kwano ko cokali ba. A buɗe tagogi, ya rufe baki in zai yi tari, yaran su daina kwana a ɗakinsa har sai likitansa ya ce ba komai, kuma a taya shi ya kai ƙarshen maganin, wanda yawanci wata shida ne.

Akwai abubuwan da ba sa jiran ranar da aka ba ku. In ɗayansu ya yi tari ko zazzaɓi da ya kai mako biyu, ko ya fara ramewa, ko nauyinsa ya tsaya, ko ya daina wasa, ko wani ƙululu ya fito masa a wuya, ki kai shi ki ce akwai mai tarin fuka a gida. In kuwa jaririn ya ƙi nono, yana yawan barci ba ya farkawa da wuri, yana amai, numfashinsa yana sauri, ko ya yi jijjiga, a ranar za ki kai shi, ko da dare ne.